Baba yana wayar gari a ruɗe: suga ne ko iska?

Tambaya: Likita, mahaifina shekararsa 72, ya yi shekara 16 da ciwon suga, yana shan Daonil. Sati biyu ke nan da asuba muna samunsa ya jiƙe sharkaf da gumi, yana sambatu, wani lokacin ma ba ya gane mu. Baffanninmu sun ce iska ce, a yi masa ruƙiyya. Ni dai tsoro nake ji. Daga Anguwan Rogo, Jos.

Amsa: Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Abin da kika kwatanta ya fi kama da faɗuwar suga. Daonil, wato glibenclamide, yana daɗewa a jiki, ƙodar da ta yi shekara 16 tana fama da suga kuwa ba lallai ta fitar da shi da wuri ba. Ga tsoho ba ya cin abincin dare sosai. Wanda ya daɗe da ciwon kuma yakan daina jin rawar jiki da bugun zuciyar da ke gargaɗinsa, sai dai a ga ya ruɗe kawai.

Abin da ke ɓata mini rai kullum shi ne maganar nan ta "mai suga ba ya taɓa zaƙi". Sai a ga tsoho ya ruɗe, a ce ai suga ne ya hau, a ƙara masa ƙwaya, ko a ɗura masa jiƙon da aka saya wurin masu lasifika a tasha. Mutumin da ƙwaƙwalwarsa ke neman suga, shi ake ƙara wa abin da zai sauke shi! Na sha karɓar dattijon da aka tsare a ɗaki tun asuba har la'asar ana hayaƙi, alhali ƙwayar sugan shayi huɗu kawai yake buƙata. Ƙwaƙwalwa da suga take aiki, in ta yi awanni babu shi, ba lallai ta dawo yadda take ba. Ban hana addu'a ba, amma a fara gwaji.

Ki ajiye na'urar gwaji kusa da gadonsa. In ta nuna ƙasa da 70, ko 3.9 a wasu na'urorin, kuma yana iya haɗiya, ki ba shi suga cokalin shayi uku a ruwa ko rabin kwalbar lemo, ki sake gwadawa bayan minti 15. Babu na'ura? Ki ba shi duk da haka. In ya suma, kada a zuba masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe, a nufi JUTH, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ko asibiti mafi kusa. Ko ya farfaɗo a kai shi, domin da Daonil sugan yakan sake faɗuwa.

In kuwa na'urar ta haura 600 ko ta rubuta HI, wato sugan ya hau sosai, baki ya bushe, ko akwai gyambo a ƙafa, ko baki ya karkace, wannan ma asibiti ne nan take.

Gobe ki kai shi wurin likitansa da duk magungunansa a leda, har na gargajiyar, ki nemi a gwada ƙoda a sake duba Daonil ɗin.