Ina zaune gidana, akwai rangwamen haraji gare ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan fansho ne a Mabera, Sakkwato, gidan da nike ciki da gumina na gina shi, sai ga takarda wai in biya kuɗin ƙasa har da bashin shekarun baya. Ɗana ya ce a Legas ana yafe ma ƴan fansho, mu fa?

Amsa: Wa alaikumus salam Baba, Allah shi ƙara lafiya. Yaronka ya yi gaskiya, dokar Legas ta 2020 ta cire ɗan fanshon da ke zaune gidansa daga wannan haraji, to amma dokar jiharsu ce, ba ta aiki a Sakkwato. Kuma fara duba wace takarda aka kawo maka don kuɗin iri biyu ne. Kuɗin ƙasa na gwamnatin jiha ne, tun dokar filaye ta 1978 ƙasa na hannun gwamna, mai takardar mallaka na biya duk shekara. Harajin gini kuwa na ƙaramar hukuma ne.

Shawarata Baba kada ka aje takardan nan ƙarƙashin tabarma, bashi taruwa yake, ka je ofishin da ya turo ta da shaidar fanshonka da tsoffin rasit, ka rubuta roƙon sassauci ko a bar ka biya kaɗan-kaɗan. Kuma don Allah kada ka ba kowa kuɗi a hannu ba rasit, wallahi abin nan na ci mani rai, dattawa da yawa haka aka cuce su.