Kun Tambaya, Mun Amsa: Mutum Nawa Ake Kai Wa Gasar Harbi, Kuma Wa Ya Dace a Ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina horar da matasa goma sha ɗaya harbin bindigar iska na mita 10, maza bakwai, mata huɗu. An ce in fitar da waɗanda za su wakilci jiha. Mutum nawa zan ɗauka, kuma yaya zan zaɓa ba tare da an ce na yi son kai ba?
Daga wani koci, Tudun Wada, Gombe

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. A dokar hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, tawaga mutum uku ce a kowane rukuni: maza uku, mata uku. Akwai kuma rukunin haɗaka na namiji ɗaya da mace ɗaya, wanda ya shiga gasar Olamfik tun wasannin Tokyo 2020, kuma daga cikin shidan nan za ka fitar da su. Ƙara ɗan ko-ta-kwana ɗaya a kowane ɓangare, ka ga mutum takwas ke nan. Amma kafin ka yi wa kowa alkawari, karanta takardar gayyatar masu shirya gasar, domin ita ke faɗin adadin da aka yarje wa kowace jiha da ranar rufe sunaye.

Abin da ya sa zaɓen ke buƙatar natsuwa shi ne yadda ake lissafi. Makin mutum ukun nan ake haɗawa wuri guda, ba a zubar da na kowa. Idan ɗaya ya rikice ya zubar da maki ashirin, sauran biyun ba su da inda za su samo su. Saboda haka mai tsayayyen hannu kake nema, wanda makinsa na jiya da na yau ba su da nisa, ko da bai taɓa yin abin da za a tafa masa ba.

Shirya gwaji huɗu a cikin mako uku zuwa huɗu, kowanne a ranarsa. Kowane gwaji ya zama tamkar gasar: minti 15 na shiri da daidaita saiti, sannan harbi 60 a tsaye. Idan allon lantarki ne, wato wanda ke ƙirga maki da kansa, minti 75. Idan takarda ce, minti 90, harbi ɗaya a kowace takarda. Kada ka bar kowa ya maimaita harbi don wai hannunsa ya zame. Sanya gwajin a irin lokacin da za a yi gasar, domin wanda ya saba harbi da sanyin safiya, idan aka tsayar da shi da rana tsaka a watan Afrilu cikin rigar harbi mai kauri, bugun zuciyarsa kaɗai ya isa ya kaɗa bakin bindiga. In azumi ya faɗo cikin lokacin, yi da hantsi, kada ka kai la'asar.

Ga misali, a lissafin allon lantarki. A ce wani ya samu 618, 596, 610 da 590. Wani kuma 606, 604, 607 da 603. Kowa a filin zai riƙa zancen 618 ɗin nan, amma matsakaicin na farko 603.5 ne, na biyu kuma 605. Tsakanin ranar daɗi da ranar wuya ta na farko akwai maki 28, na biyu maki 4 kacal. Na biyun za ka ɗauka, ba tare da wata-wata ba.

Maganin zargin son kai kuwa, rubuta ƙa'idar tun kafin a yi harbin farko, ka liƙa ta a bango: gwaji nawa, yadda za a yi lissafi, abin da za a yi in an yi kunnen doki, da hukuncin wanda bai zo ba. Samu mutum biyu da ba su da ɗa ko ƙane a cikin 'yan wasan su riƙa duba takardu, kowane ɗan wasa ya sa hannu a kan makinsa kafin ya bar wurin.

Tambaya: Mutum biyu sun yi daidai a gurbi na uku. Wa zan bari?
Daga wata mai horarwa, Yelwa, Bauchi

Amsa: Malama, in da cikakkun lambobi kuke ƙirga, inda ƙarshen maki 600 ne, fara duba wanda ya fi yawan goma ta can ciki, wato harbin da ya faɗa tsakiyar goma cif. In nan ma sun yi daidai, duba harbi goma na ƙarshe, sai goman da ke gabansu, a haka har a rabu. Goman ƙarshe ba ƙaramar shaida ba ce: a nan ƙafa ta gaji, ido ya fara ruwa, a nan ake gane wanda zai iya jurewa. A allon lantarki, inda harbi mafi kyau 10.9 ne kuma jimilla ke kaiwa 654.0, da wuya a yi kunnen doki.

Tambaya: Ɗana ya fi kowa maki a gida, amma an ajiye shi saboda kayan harbinsa. Wannan adalci ne?
Daga wani uba, Azare

Amsa: Baba, mun san abin da ciwo, amma kocin na iya zama da hujja. Kafin gasa ana binciken kaya, kuma ana iya sake kiran ɗan wasa bayan ya gama. Doguwar bindigar iska ba ta wuce nauyin kilo 5.5, bakinta milimita 4.5, kuma ba a yarda da madubin hangen nesa a kanta ba. Rigar harbi, kaurin ƙyallenta falle ɗaya bai wuce milimita 2.5, kuma akwai na'urar da ke gwada taurinta, domin riga mai tauri ainun tana tallafe bayan mutum kamar an jingina shi da bango. Tukunyar iska, wadda ke riƙe iskar da bindigar ke harbi da ita, ita ma tana da wa'adi, shekara goma daga ranar da aka buga a jikinta. Idan aka kori mutum ɗaya saboda kaya, tawagar gaba ɗaya ta fita daga lissafi, wahalar sauran biyun ta tashi a banza.

Laifin da muke gani a nan shi ne jinkiri. Kamata ya yi a binciki kayan kowa tun kafin gwajin farko, yadda yaro zai samu lokacin gyara, domin sabuwar riga tana sauya tsayuwa, kuma sai an yi makonni ana harbi da ita kafin jiki ya karɓe ta. Ku je wurin kocin da kanku, ku tambayi ainihin abin da ya saɓa doka. In tukunya ce, sauya ta abu ne na yini guda. In riga ce, a nemi a sa yaron a gurbin ko-ta-kwana, a rubuta sunansa kafin a rufe rajista, domin wanda aka yi wa rajista ne kaɗai ake bari ya maye gurbin wani. Ku kuma tabbatar takardar izinin bindigar daga 'yan sanda tana hannu kafin a ɗauki hanya, don a dokar Nijeriya bindigar iska ma tana cikin waɗanda ake nema wa lasisi.