Doguwar Bindiga Ta .22 Mai Cin Harsashi Ɗaya: Da Gaske Ba Ta Kisa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na mallaki doguwar bindiga ta .22 (wato mai ƙaramin harsashi da faɗinsa ya kai inci 0.22) mai cin harsashi ɗaya, kuma ina da lasisinta. Niyyata in koya wa ɗana mai shekara 14 harbi a bayan gida, inda akwai katangar bulo, mu riƙa jera gwangwanaye muna auna su. Mahaifiyarsa ta ƙi amincewa, hankalinta ya tashi ƙwarai har ta daina barci sosai. Wani abokina ya ce tsoronta ba shi da dalili, domin wannan bindiga ba ta fi ta iska da komai ba, harsashinta ba ya kashe mutum, kuma da ya wuce mita 100 sai ya faɗi ƙasa. Ya ce zai kai ni wurin wani mai gyara a goge kunamarta ta yi laushi saboda yaron. Maganar wa zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka ɗauki maganar uwar ɗanka, ɗan'uwa, domin ita ce a kan gaskiya. Zaɓin da ka yi na bindiga mai cin harsashi ɗaya don koyar da yaro zaɓi ne mai kyau, saboda tana tilasta wa mai harbi ya buɗe, ya loda, ya rufe, ya nutsu kafin kowane harbi, kuma da irin wannan harsashi ake gasar harbi ta mita 50 a wasannin Olamfik. Matsalar tana wurin da ka zaɓa da kuma shawarar da aka ba ka.

Wannan magana ta cewa .22 ba ta kisa, kusan kullum sai na ji ta daga bakin wani sabon mai koyo, kuma babu maganar da ta fi ta ɓata mini rai a wannan aiki na koyar da harbi. Mutum zai ɗauki harsashin a tafin hannunsa, ya ga bai kai tsawon gaɓa biyu na ɗan yatsa ba, ya harba ya ji bindigar ba ta bugi kafaɗarsa ba, ƙararta ma ba ta firgita shi ba, sai ya yanke hukunci cewa abin wasan yara ne. Alhali kan harsashin da aka fi amfani da shi dalma ce mai nauyin kusan giram biyu da rabi, faɗinta milimita 5.6, tana fita daga bakin bindiga da gudun da ya kai mita 330 zuwa 380 a daƙiƙa ɗaya, wato daidai da gudun sauti ko ma fiye da shi. Abin da ke tafiya da irin wannan gudu yana huda fata da nama, yana fasa ƙoƙon kai, yana yanke jijiyar jini, kuma ƙanƙantar ramin da yake bari a waje ita ke sa a raina raunin har jini ya gama zuba a ciki.

Tarihi ma shaida ne. Da harsashin .22 aka kashe ɗan siyasa Robert Kennedy a Amurka a shekarar 1968. Da shi aka harbi Shugaban Amurka Ronald Reagan a 1981, kuma abin lura a nan shi ne harsashin bai same shi kai tsaye ba, sai da ya bugi jikin motarsa, ya karkata, sannan ya shiga ta ƙarƙashin hammatarsa ta hagu ya tsaya a huhu. A duka biyun da ƙananan bindigogin hannu aka yi amfani, masu gajeren bututu, waɗanda harsashi ke fita daga cikinsu da gudun da bai kai na doguwar bindigarka ba.

Batun mita 100 kuwa, abokinka ya cuɗanya abubuwa biyu ne. Gaskiya ne idan ka daidaita saitinka a mita 50, to a mita 100 harsashin zai sauka ƙasa da inda ka auna da kamar taƙi guda, kuma iska za ta fara kaɗa shi gefe. Wannan iyakar samun abin da aka auna ce kawai. Iyakar tafiyar harsashin kanta ta wuce nan nesa ba kusa ba, domin idan bakin bindiga ya ɗan ɗaga sama yana iya wuce kilomita ɗaya da rabi kafin ya sauka. Ka ɗauko kwalin harsasanka ka karanta gargaɗin da ke jikinsa. Kamfanoni da yawa suna rubuta cewa akwai haɗari har zuwa mil ɗaya ko mil ɗaya da rabi. Yanzu ka tsaya a bayan gidanka ka lissafa gidaje nawa, hanyoyi nawa da mutane nawa ne ke cikin wannan tazara a bayan katangar.

Ita katangar da kake dogaro da ita, ita ce ta fi ba ni tsoro. Harsashin .22 ya yi ƙaurin suna wajen tsalle, saboda ba shi da gudun da zai sa ya tarwatse idan ya bugi abu mai tauri a karkace, sai ya baje ya canza hanya ya ci gaba da tafiya. Yana tsalle a kan bulo, da dutse, da ƙarfe, da busasshiyar ƙasa, har ma da saman ruwa. Wanda ya taɓa jin wannan siririn kukan da yake yi bayan ya bugi dutse ya san abin da nake nufi, kuma daga wannan lokacin babu wanda ya san inda ya nufa, har da wanda ya harba shi. Bulo mai rami a ciki kuma, idan aka yi ta samun wuri ɗaya, zai rarake ya huje. Abin da ke tare harsashi lafiya shi ne tudun ƙasa mai laushi ko yashi, mai tsayi da kauri, wanda aka tsince duwatsun cikinsa, kuma a bayansa babu kowa. Saboda haka ka kai yaron filin harbi da hukuma ta amince da shi, a hannun mai horarwa, bayan ka tabbatar da abin da dokar ƙasarku ta ce game da shekarun wanda zai riƙe bindiga, domin lasisin sunanka yake ɗauke da shi, ba nasa ba.

Game da mai gyaran nan, kada ka kusance shi. Kunama tana riƙe da ƙarfen bugu, wato wanda ke bugun gindin harsashi ya tashi, da ɗan siririn baki ne, kuma idan wanda bai san aikin ba ya goge wannan baki da zarto, bindigar na iya tashi da kanta yayin rufe sakata, wato ƙarfen da ake ja baya a loda harsashi, ko idan gindinta ya bugi ƙasa. Kunama mai ɗan nauyi ita ta dace da mai koyo. Idan har tana da matsala, sai a kai ta wurin ƙwararre mai izinin hukuma.

Akwai wani abu kuma da masu irin wannan bindiga ke sakaci da shi. Tunda harsashi ɗaya take ci, sai mutum ya ɗauka da ya buɗe sakata ta zama fanko. Na sha gani a filin horo an ja sakata baya, amma ɗan ƙugiyar da ke fizgo kwanso ya suɓuce saboda datti ko tsufa, harsashi mai rai yana zaune a mazauninsa, gindinsa kawai ke ƙyalli. Ka koya wa ɗanka ya leƙa da idonsa, sannan ya sa ɗan yatsa ya taɓa, kowane lokaci, ko da kai ne ka miƙa masa. Idan ya ja kunama bai ji tashi ba, wanda yakan faru da wannan harsashi, ya bar bakin bindigar yana kallon tudu ya ƙirga daƙiƙa 30 kafin ya buɗe. Ku sa tabarau da abin toshe kunne, domin ƙararta tana kai wajen desibel 140 a ma'aunin ƙarfin sauti, ku wanke hannu da sabulu bayan harbi saboda gubar dalma. A gida kuma bindiga ta zauna a kulle babu komai a cikinta, harsasai a wani makulli dabam, mabuɗan duka biyu a jikinka. Ranar farko da za ku je filin, ka tafi da mahaifiyarsa ta ga tudun da idonta, ta yi wa mai horarwa duk tambayar da take da ita.