Ku Tambayi Baba: Mamana ta kwanta asibiti, fasto bai leƙo ba

TAMBAYA: Baba ina gaisuwa. Dan Allah ina da damuwa, mamana ta yi sati uku a asibiti bayan an mata tiyata amma faston mu ko sau ɗaya bai taka ƙafarsa ba, dattawa biyu kawai ya turo suka yi addu'a suka tafi, kuma matar nan shekara 20 tana zumuntar mata, baiko da zakka bata taɓa fashi ba. Gaskiya raina ya ɓaci har na daina zuwa sujada, ina tunanin canja coci. Wai ba aikinsa bane? Daga wata 'yarka a Sabon Tasha, Kaduna.

AMSA: 'Yata sannu, Allah ya ƙara wa mama sauƙi. Aikinsa ne, ba zan ɓoye miki ba. Kalmar fasto ɗin ma ai makiyayi take nufi, kuma in kin buɗe Ezekiyel sura 34 za ki ga yadda Ubangiji ya tsawata wa makiyayan da suka bar raunanan tumaki da marasa lafiya ba kulawa suna kiwon kansu. Sati uku ya yi yawa, ko waya ce ya kamata ya buga wa mama ta ji muryarsa.

Amma kar ki raina dattawan nan biyu fa. Yakubu 5:14 cewa yayi mara lafiya ya kira dattawan ikkilisiya su yi masa addu'a, dattawa aka ce, ba mutum ɗaya ba, kuma tun zamanin Musa surukinsa Yetro ya gaya masa in ya ce shi kaɗai zai ɗauki nauyin jama'a zai gaji su ma su gaji, ki duba Fitowa 18. Mu da muka daɗe cikin aikin nan mun san fasto ɗaya na iya riƙe da ɗaruruwan mutane, wa'azin Lahadi na kansa, ga ajin baftisma ga ɗaurin aure ga jana'iza ga sulhun ma'aurata har tsakar dare, wani ma kuɗin man mashin sai ya ranta. Shi ya sa a ikkilisiyoyi irin su ECWA da COCIN akwai dattawa a kowace majami'a, in sun zo ikkilisiya ce ta zo.

Abu ɗaya kuma ki cire a ranki, baikon mama ba kuɗin ziyara bane. Ran da muka fara lissafi haka to wanda ba shi da ko sisi zai mutu ba mai leƙa shi.

Kafin ki canja coci ki je ki same shi ke da shi, kamar yadda Matiyu 18:15 ya koya mana, ki ce Baba Fasto abin nan ya mana zafi. Wataƙila ba a faɗa masa tsananin ciwon ba, wataƙila kuma sakaci ne ya nemi gafara. In bai saurare ki ba sai ki ɗauki ɗaya daga cikin dattawan nan ku koma tare. Ki rubuto min yadda kuka yi, ki kuma gaishe min da mama.