Kun Tambaya, Mun Amsa: Hoton Fuska da Shafin Ɗakin Karatu

Tambaya: Ni ma'aikaciyar ɗakin karatu ce, kuma an ɗora mini nauyin kula da shafukanmu na Facebook da Instagram. Ina so in riƙa saka hotunan masu zuwa karatu, amma duk wanda na ɗauka da wayata sai fuskarsa ta yi duhu, hancinsa ya yi girma, shi kuma ya sandare kamar mai jiran hoton fasfo. Shin sai na sayi babbar kyamara?

Amsa: Malama, ki jingine batun sayen kyamara tukuna, domin duk matsalolin nan uku babu wadda sabuwar na'ura za ta magance miki. Girman hanci daga kusanci yake. Babban gilashin kyamarar yawancin wayoyi mai faɗin gani ne, daidai da milimita 24 zuwa 28, shi ya sa mai ɗauka yake matsowa dab da mutum don fuska ta cika hoton, sai abin da ya fi kusa da gilashin ya kumbura, kunnuwa kuma su ja baya. Ki ja da baya kamar mita 2, ki taɓa alamar 2x ko 3x, wadda ke jawo hoto kusa, idan wayarki tana da ita. Dalilin ke nan da ya sa masu ɗaukar hoton fuska suke son gilashi mai milimita 85, wanda yake tilasta musu tsayawa nesa kaɗan.

Batun haske shi ne ya fi cancantar ki ba shi lokaci. Fitilun rufi daga sama suke zubo haske, sai inuwa ta taru a kwarmin ido da ƙarƙashin hanci, mutum ya fito kamar wanda bai yi barci ba. Idan kuma taga tana bayansa, wayar takan auna hasken tagar, ta bar fuskar cikin duhu. Ki zaunar da shi gefen tagar da rana ba ta dukan ta kai tsaye, ki kashe fitilar da ke kansa don kada launin haske biyu ya cakuɗe, sannan ki ce ya juyo da fuskarsa sannu a hankali wajen tagar. Ki zuba ido a kan kuncin da ke cikin inuwa: za ki ga wani ɗan haske mai kusurwa uku ya bayyana ƙarƙashin ido, wanda ake danganta shi da Rembrandt, mai zanen ƙasar Holan na ƙarni na 17. Da zarar kin gan shi, kuma kin ga ɗigon hasken tagar yana ƙyalli a ƙwayar idon, to ki dakata a nan. In inuwar ta yi nauyi, wani ya riƙe miki farin kwali a ɗaya gefen. Ki taɓa idon da ya fi kusa da ke a fuskar wayar kafin ki ɗauka, don idon ya fito sarai a hoton, kuma ki raba mutumin da kantar littattafai, kada ya jingina da ita.

Sandarewa kuwa hira ce maganinta. Ki tambaye shi littafin da ya fara sa shi son karatu, ki ci gaba da ɗauka yana magana. A ganina, hoton da ya fi rai yakan zo ne lokacin da ya gama amsa, fuskarsa ta saki.

Tambaya: Shafin ɗakin karatunmu ba ya wuce sanarwar lokacin buɗewa da rufewa, kuma ba mai kula shi. Me sauran ɗakunan karatu suke yi da kafofin sada zumunta?

Amsa: Malam, waɗanda suka ci riba su ne suka mayar da shafin wurin tattaunawa da jama'a. A 2008 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya ɗora tsofaffin hotuna kusan 3,000 a Flickr, wani shafin saka hotuna a intanet, ya nemi mutane su faɗi abin da suka sani a kansu. Masu kallo suka riƙa gane wurare da fuskoki, ma'aikata kuma suka tantance bayanan, suka gyara kundin bayanansu da su. A 2013 Ɗakin Karatu na Birtaniya ya saki a Flickr ɗin hotuna da zane-zane sama da miliyan 1 da aka ciro daga tsofaffin littattafai. A 2018 kuma Ɗakin Karatu na Jama'a na New York ya fara saka cikakkun tsofaffin labarai a Instagram, ana karantawa shafi bayan shafi a waya.

Ƙaramin ɗakin karatu ma zai iya bin wannan hanya daidai ƙarfinsa. Ka zaƙulo tsohon hoto daga ajiyarku ka tambayi wanda ya san mutanen ciki, ka nuna yadda ake ɗinke littafin da ya yage, kuma duk wanda ya yi tambaya ka ba shi amsa a ranar. Sai dai akwai amanar da nake roƙon ku biyu ku riƙe da kyau: abin da mutum yake karantawa sirrinsa ne. Kada a saka fuskar kowa sai da yardarsa, yaro kuma sai da izinin iyayensa a rubuce, sannan a duba kada sunan littafin da ya ara ko katinsa ya fito a hoton ba da saninsa ba. Kowane hoto kuma a haɗa shi da taƙaitaccen bayanin abin da ke ciki, domin makafi masu amfani da manhajar karanta rubutu su san abin da aka saka.