Dalilin da ya sa ba zan kai Juma'a a Kano ba

Auwalu ɗana,

Shekaranjiya da daddare a ƙofar gidan Yaya a Dala, bayan 'yan ɗaurin aure sun watse, ka jefo mini tambaya a gaban abokanka har aka kwashe da dariya. Na ce ba zan kai Juma'a ba, dole in koma Kumasi saboda akwai taron unguwa ranar Lahadi, kai kuma ka ce, "Kawu, ba kayar da kai aka yi ba tun 2019? Wane taro kuma? Wai ma wane irin kansila ne wannan da ya shekara huɗu ko tayar mota bai fito da ita ba?" Kafin in haɗa amsa aka tayar da isha'i. Ban ji haushi ba. Amma tambayar ta kwana da ni, shi ya sa na zauna na rubuto maka, tunda idan na yi da baki Hausata ta zango kuke sauraro, ba maganar ba. Na ga yadda kuke gimtse dariya duk lokacin da na ce "matata ya zo".

Da farko dai mu ba kansila muke cewa ba, asambuliman muke cewa, wato wakilin yanki a majalisar gunduma. Kujerar ta yi kama da taku, amma hanyar hawanta daban. Tsarin mulkin Gana na 1992 ya hana jam'iyya tsayar da ɗan takara a wannan zaɓe, ya hana ɗan takara ɗaukar suna ko alamar jam'iyya. A takardar ƙuri'a hotonka ne kawai da sunanka. Babu laimar NDC, babu giwar NPP, manyan jam'iyyunmu biyu. Fom kuma kyauta ne, abin da ake nema shi ne sa hannun mutum ashirin masu ƙuri'a a yankinka. Da na faɗi haka ga abokinka mai jan hula, sai ya ce a zaɓen ƙananan hukumomi na Oktoban 2024 an fara sanar da fom ɗin kansila a nan kan Naira miliyan 5. Na yi shiru, domin ni duk abin da na kashe a takarata ta 2015, da fasta da hayar kujeru da ruwan leda, bai kai kuɗin saniya ba.

Akwai abin da nake so ka gani da idonka wata rana. Hukumar zaɓe ce da kanta take kafa dandali guda, a tara duk 'yan takarar yanki a rumfa ɗaya, kowa ya tashi ya faɗi abin da ke tafe da shi, jama'a su yi masa tambaya. Namu a filin makarantar Islamiyya aka yi, mu biyar a kan benci ɗaya kamar masu jiran allura. Na sha farar shadda, na zo da jawabi shafi uku. Ina tsakiyar zuba Turanci kan ci gaba, sai wata tsohuwa mai koko da ƙosai, wadda ta san ni tun ina yawo ba wando, ta ɗaga hannu. Ba ta jira an miƙa mata abin magana ba. Ta ce, "Kai ɗan Malam, ranar da ruwa ya ci ɗakina, wa ya zo da bokiti?" Wuri ya yi tsit. Allah Ya taimake ni ina cikin waɗanda suka je. Na kusa da ni a benci, mutumin kirki mai digiri biyu, a lokacin yana Ankara (haka muke kiran Accra, kada ka ɗauka Turkiyya), ya sunkuyar da kai. A wannan tambayar zaɓen ya ƙare, sauran duk cika sharaɗi ne.

To ka ci, me ka samu? A zamanina babu albashi. Kuɗin zama ake ba ka ranar da majalisa ta zauna, sai babur, sai ɗan abin sallama idan wa'adi ya cika. Ikon ma ba wani mai yawa ba ne. Shugaban gunduma ba jama'a ke zaɓensa ba, shugaban ƙasa ne yake naɗo shi, mu namu mu amince da kashi biyu cikin uku na waɗanda suka kaɗa ƙuri'a a zauren. Kusan kashi 30 cikin ɗari na 'yan majalisar su ma naɗi ne. Kuɗin aiki yawanci daga asusun bai-ɗaya yake zuwa, wanda tsarin mulki ya ce kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa, kuma kafin ya gangaro ya iso lungunku an yi ta rabo. A ƙarƙashinka akwai kwamitin unguwa na mutum biyar, su ma zaɓaɓɓu, su kam ko babur ɗin babu.

Amma ƙofar gidanka ba ta sake rufuwa. Kana sallame asuba za ka tarar da mutane a zaure. Wannan an kama ɗansa a samame, ana neman wanda zai tsaya masa. Wannan matarsa na asibiti an riƙe ta kan kuɗi. Waɗancan biyun maƙwabta ne, ɗaya ya juyo ruwan wankansa ƙofar ɗaya. Wanda ya fi yawa kuwa shi ne mai neman takarda: ta haihuwa, ta shaidar zama, katin ɗan ƙasa. Yaro an haife shi a unguwar Aboabo ta Kumasi, an haifi ubansa a Aboabo, amma sunansa Abdullahi Garba, sai a dube shi a ce daga ina kakanka ya zo. A nan ne wasiƙar asambuliman da hatiminsa suke aiki. Kai da aka haifa a gindin Dala ba za ka san nauyin wannan ba, domin babu wanda ya taɓa tambayarka daga ina ka zo.

Bari in ja ka baya, domin amsar tambayarka tana can. Kakanninmu fataken goro ne, hanyar Gwanja suka bi. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, mutane suka bazu, wasu Karachi, wasu Ankara, namu daga baya suka sauka Kumasi a ƙasar Tonawa, wato Asante. Sun yi gidaje, sun yi masallatai, sun shiga siyasa ma da ƙarfinsu. A shekarun 1950 har jam'iyyar Musulmi aka yi, wadda ta tsaya a ɓangaren masu adawa da Nkrumah. Ana samun 'yanci a 1957 aka tasa ƙeyar Alhaji Amadu Baba, jigon zangon Kumasi, da Alhaji Usman Lardan zuwa Najeriya, aka ce ba 'yan ƙasa ba ne. A wannan shekarar kuma aka yi dokar hana kafa jam'iyya kan addini ko ƙabila. Sai ta Nuwamban 1969, lokacin firaminista Busia, da aka ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Ina da shekara bakwai. Ina tuna kakanka yana sayar da keken ɗinkinsa a bakin hanya kan kuɗin da ba su kai na zare ba, ina tuna Yaya, mahaifiyarka, an ɗora ta a kan ƙullin kaya a bayan babbar mota tana riƙe da buta. Kakanka da mahaifina wa da ƙane ne, uwa ɗaya uba ɗaya, gari ɗaya aka haife su. Mahaifina ya tsaya ne kawai don wani malamin ofis da suke salla sahu ɗaya ya san shi, ya sa masa hannu a takarda. Kakanka bai sami mai sa hannu ba. Abin da ya mayar da kai Bakano ni kuma ɗan zango ke nan, sa hannun mutum ɗaya.

Saboda haka idan ka ga mutumin zango yana rawar jiki kan kujerar da a zamanina ba ta da albashi, ba wauta ba ce. An sha ce mana baƙo raɓa ne, mun kuma ga ranar da rana ta fito. Mun koyi cewa duk ɗakin da ake yanke magana a cikinsa, komai ƙanƙantarsa, gara a ce akwai namu a zaune. Yau an wuce wancan zamani nesa. Aliu Mahama ya yi mataimakin shugaban ƙasa daga 2001 zuwa 2009, Bawumia ya yi daga 2017 zuwa 2025, duka Musulmi ne. Muntaka Mubarak yana wakiltar Asawase a majalisar ƙasa tun 2005. An kafa asusun raya zango a 2017. Shehu Usman Nuhu Sharubutu, babban limamin ƙasa, babu shugaban da ba ya zuwa gaishe shi. Duk da haka tsofaffinmu har gobe takardunsu a leda suke, a ƙasan akwati.

Wani abin da za ka so ka sani, zango ba na Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Mosawa, Dagomba, Zabarmawa, Wangarawa, Fulani, Kotokoli, Yarbawa, kowa da sarkinsa, Hausa ce dai harshen da ya haɗa mu a kasuwa da masallaci. Mai son tsayawa takara sai ya bi su gida-gida da ƙwaryar goro, ya fara da Sarkin Zango, ya bi limamai, ya bi shugabannin mata masu adashi, ya ƙare da majalisun samari masu shan ataya. Ba ƙuri'a kake roƙo a wannan zagaye ba, sanarwa ce da neman albarka. Wanda ya tsallake gida ɗaya zai ji a jikinsa. Ƙasar kuma ta Sarkin Asante ce, ba mu manta da wannan ko da wasa.

Kada ka ɗauka waliyyai ne mu. Dokar ta ce babu jam'iyya, amma yaro ƙarami ya san wane ɗan takara ne na NDC, wane ne na NPP, kuma ana turo kuɗi da dare, saboda kowace jam'iyya tana son hannayen da za su amince mata da shugaban gunduma. An shirya ƙuri'ar raba gardama a Disambar 2019 kan a bar jam'iyyu su shigo a fili, shugaban ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, ya janye ta ana saura kwanaki. Ni ina cikin waɗanda suka yi hamdala, ko da yake na san munafunci ne muke karewa. Gara munafuncin da ke sa mutum ya ji kunyar ɗaga tuta a gaban tsohuwa mai koko. Masu fitowa zaɓen ma ko rabi ba sa kai wa, kuma mata a majalisar ana iya ƙirga su da yatsu, alhali su ne suke riƙe da unguwa.

Faɗuwata kuwa ni na jawo ta. Akwai rafi da ya raba unguwarmu biyu, yara suna tsallaka shi kan katako zuwa makaranta, kowace damina sai ya cika da leda da robobi ya shigo gidaje. A dandalin 2015 bakina ya zarce, na ce in sha Allahu kafin in sauka akwai gada. Ba ni da ikon gada, na kuma sani. Na rubuta takardu, na bi ofisoshi har takalmina ya cinye, aka zo aka auna sau biyu, shiru. Na yi fitilun kan hanya, na sa an gyara banɗakin jama'a, na raba rigingimu da ba su ƙirguwa, amma alkawari kaya ne. A dandalin 2019 tsohuwar nan ta riga mu gidan gaskiya, jikarta ce ta tashi ta ce, "Baba, ina gada?" Wani matashi mai gyaran waya ya kayar da ni ranar 17 ga Disamba, kuma da ni ne mai zaɓe shi zan zaɓa.

Abin da ya ba ka mamaki shi ne abin da ya biyo baya. Na yi kwana uku ban fita ba, ba zan ɓoye maka ba. A na huɗu da asuba na ji sallama, na fito na tarar da shi yaron da ya kayar da ni, da fayil a hammata. Ya durƙusa ya ce, "Baba, takardun gadar nan a ina ka tsaya?" Na so in ce masa ya je ya nemo da kansa. Sai na tuna ruwan nan idan ya tashi ɗakina yake fara shiga kafin nasa. Na shiga na ɗauko masa kwafin komai. Tun daga ranar shi ne mai hatimi, ni ne mai sanin wace ƙofa ake ƙwanƙwasawa da ƙarfe nawa. A wurinmu wanda ya faɗi ba shi da inda zai koma ya jira zaɓe na gaba, domin ba daga Abuja ko Kaduna ya zo takara ba, a lungun yake kwana. Ina cikin kwamitin makaranta, ina cikin na maƙabarta, ina fita aikin gayya na yashe kwata kafin damina, yanzu dai baki nake sa wa fiye da shebur saboda gwiwa.

Ban zo in ce namu ya fi naku ba. Ku kuna da abin da ba mu da shi. Mai unguwa da dagaci da hakimi, tsari ne da ya daɗe da kafuwa, ƙasar taku ce, babu mai cewa ku kawo takarda. Kuna zaɓen ciyaman da kanku, abin da mu har yau muke ta muhawara a kai. Amma na lura da wani abu a hirarku ta daren nan. Mazaɓu 484 a ƙananan hukumomi 44, a 2021 jam'iyya ɗaya ta kwashe duka, a 2024 wata jam'iyyar ta kwashe duka. Na tambayi abokanka shida sunan kansilan mazaɓarsu, biyu ne suka sani, ɗaya ma don surukin yayansa ne. Idan tikiti daga sama yake saukowa, dole mai nema ya riƙa kallon sama. Mahaifiyarka ta raɗa mini cewa kai ma kana da sha'awa. Ban hana ka ba. Zan dai so in san, a lungun nan naku da na ga ruwan kwata ya kwanta har bakin masallaci, idan wata tsohuwa ta tashi ta yi maka tambayar bokiti, me za ka ce mata.

Taron Lahadi na gadar ne. An sake turo masu awo, karo na uku, wannan karon an ce a kawo sunayen masu gidajen da aikin zai taɓa, kuma biyu daga cikinsu ba sa ga maciji tun wani rikicin gado. Ni kaɗai ne na san iyayensu duka. Ka ba Yaya haƙuri, ka ce mata in Allah Ya kai mu babbar Salla zan zo in yi mata mako biyu. Gobe bayan asuba ka zo da babur ɗinka ka kai ni tasha, mu biya ta Kurmi in karɓi hulunan da na bayar a wanke.

Kawunka