Rumbu Ya Cika Amma Hankali Bai Kwanta Ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomin shinkafa ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Kura a jihar Kano. Allah ya yi mini buɗi a noman rani, na gina gidan siminti, na sauke farali, na aurar da 'ya'ya, amma tun da abin hannuna ya ƙaru barci ya ƙaurace mini. Idan na ji maƙwabcina ya fi ni yawan buhuna sai raina ya ɓaci, idan kuma aka je ɗaurin aure ba a shimfiɗa mini darduma a gaba ba, sai in kwana ina juya maganar. Har na fara tunanin sayar da komai in koma zaman masallaci. Ina mafita?

Daga wani mai karatu, Kura

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara albarka a cikin abin da ya ba ka. Shawarata ta farko ita ce kada ka sayar da gonarka, domin ba ita ce ta hana ka barci ba. Abdurrahman ɗan Aufu da Usman ɗan Affan attajirai ne, kuma suna cikin sahabbai goma da aka yi wa bushara da Aljanna. Idan ka koma zaman masallaci da irin zuciyar da ka kwatanta, ba za a jima ba za ka fara jin haushin wanda ya riga ka sahun farko.

Duba abubuwa biyu da ka ce suna damun ka, buhunan maƙwabci da shimfiɗar wurin ɗaurin aure. Babu yunwa ko bashi a cikinsu. Abin da ke ciki shi ne son a gan ka, a kuma san ka fi wani. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wadata ba yawan abin duniya ba ce, wadata ita ce wadatar zuci. A wani hadisin na Muslim, da wani ya ce ai mutum yana son tufafinsa da takalminsa su yi kyau, sai Annabi ya amsa masa cewa Allah mai kyau ne yana son kyau, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Saboda haka gidan siminti da babbar riga ba laifi ba ne. Wahalar tana farawa ne daga lokacin da mutum ya ɗora kwanciyar hankalinsa a kan bakin jama'a, alhali bakin jama'a ba ya zama wuri ɗaya, wanda ya yabe ka a kakar bana shi ne zai yabi wani a ta baɗi.

Maganin da na fi amincewa da shi shi ne aikin da ba mai gani. Fara da zakkar amfanin gona, wadda manoma da yawa suke fitarwa da ka ba tare da awo ba. Idan shinkafa ta kai wusuƙi 5, wato sa'i 300, ana fitar da kashi 1 cikin 10 na abin da ruwan sama ya shayar, da kashi 1 cikin 20 na abin da aka shayar da injin ban ruwa. Ka auna daidai ka fitar. Bayan zakka, ka zaɓi gidan marayu ko na wata gwauruwa a ƙauyenku, ka aika musu hatsi da dare ta hannun wanda ba zai faɗi sunanka ba. Da farko zuciyarka za ta yi ta ƙorafi tana neman a sani, kuma wannan ƙorafin shi ne zai nuna maka girman ciwon. Ka daure, domin yana raguwa idan an saba.

Game da maƙwabcinka, ka riƙa yi masa addu'ar ƙarin albarka kana ambaton sunansa, ko da ranka bai so ba, kuma ka riga shi gaisuwa. Ka riƙa zama a inuwa ɗaya da 'yan ƙwadagon da ke yi maka dashe da yanka, ka ci abinci tare da su, ka biya su haƙƙinsu a ranar da suka gama. Sannan ka ware ɗan lokaci bayan sallar asuba don zikiri da karatun Alƙur'ani kafin ka buɗe waya ka tambayi farashin buhu a kasuwa. Allah ya ce a aya ta 28 cikin Suratur Ra'ad da ambatonsa ne zukata suke natsuwa.

Rashin barcin kuwa kada ka yi wasa da shi. Idan ya ɗauki makonni, ko ya haɗu da ciwon kai da bugun zuciya da rashin son abinci, ka je asibiti a auna jininka, ka gaya wa likita duk abin da ka gaya mini ba tare da ɓoye komai ba. Allah ya ba ka lafiya da natsuwa.